Yaya, ba ciwo ne ya ci gashina ba

Yaya, ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya yara, ya sanyin Daura? Saƙon muryarki sau uku na saurare shi, kuma na ji damuwa a cikinsa, shi ya sa na zauna in rubuta miki amsa a tsanake. Kin ce a hoton walimar matan nan da ɗankwalina ya zame, kin ga gashina ya koma guntu ya dunƙule, alhali kin san shi har kafaɗa. Kika tambaya ko rashin lafiya na yi na ɓoye muku, ko kuɗin rilaksa ne ya gagara a Landan, ko kuwa wani sabon yayi ne muka ɗauko. Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Ni da kaina na daina sa rilaksa, kuma ba ni kaɗai ba ce. A cikin matan Hausawa da muke haɗuwa da su a nan, waɗanda suka daina sun fi waɗanda suke yi yawa.

Kin tuna jajiberin Sallar da aka fara sa mana shi a tsakar gida, ina 'yar shekara 12? Kaina yana ci da wuta, ana ce mini in daure, wai sai ya yi zafi yake kamawa. Washegari na tashi da ɓawon ƙuna a ƙeya, gashi ya manne a kai, amma da muka fita kallon hawa ji nake babu wadda ta kai ni. Daga ranar na yi sama da shekara 20 ina ritocin duk bayan wata biyu, ban taɓa tambayar mene ne a cikin robar nan ba. Sai a nan na sani. Mai ƙarfin cikinsu soda ce a ciki, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Wanda ake rubuta wa cewa babu soda, har da na yara mai hoton 'yan mata a kwali, wani sinadarin ne ɗan'uwanta, aikinsu ɗaya: su karya ƙullin da ke cikin silin gashi wanda yake sa shi nannaɗewa. Abin da ya karye kuwa ba ya komawa. Duk mai sayar miki da man da zai mayar da gashin da ya sha rilaksa yadda yake tun asali, kuɗinki kawai take so. Sai dai sabo ya tsiro daga ƙasa, a yanke tsohon a hankali.

Abin da ya fara juya mana tunani a nan shi ne yanayi. Wata biyar ko shida ana sanyi, a cikin gida hita tana busar da iska kamar tsakiyar hunturu, ruwan famfon Landan kuma mai nauyi ne, har fari-fari yake bari a cikin butar shayi. Gashin da sinadari ya riga ya raunana ba ya jure wannan. Shekarata ta biyu, duk inda na taje kai sai na share guntaye a ƙasa. Sannan a watan Oktoba na 2022 aka fitar da wani bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Aka ga waɗanda suke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da shi a haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa: kusan kashi 4 cikin 100 kafin shekara 70, waɗanda ba sa shafawa kuma ƙasa da kashi 2. Kada ki tsorata Inna da wannan. Ciwon ba mai yawa ba ne, kuma masu binciken da kansu ba su ce sun kama man dumu-dumu ba, alaƙa suka gani. Amma ranar da labarin ya zagaya a wayoyinmu, kowacce lissafin shekarun da ta yi tana shafawa ta shiga yi.

Ni dai 'yata Hanifa ce ta ƙarasa ni. Tana aji ɗaya a firamare ta dawo gida tana kuka, wai tana son gashi mai sulɓi irin na 'yan ajinsu. Na zaunar da ita ina gaya mata gashinta kyakkyawa ne, haka Allah ya halitta mana. Ta kalle ni ta ce, to Mama me ya sa naki ba irin nawa ba ne? Ban sami abin ce mata ba. A Daura yarinya ba ta wannan tambayar, don duk inda ta juya kai irin nata take gani. A nan kuwa gashin baƙar fata magana ce babba. An sha mayar da yara gida daga makaranta saboda gashinsu ya yi tudu ko an yi musu kitso, har sai da hukumar kare daidaito ta ƙasar nan ta fitar wa makarantu ƙa'ida a 2022 cewa hakan na iya zama wariya. A Amurka ma jihar Kalifoniya ta yi doka a kan haka tun 2019. Sai dai namu ya bambanta da na 'yan'uwanmu 'yan Jamaika ko Gana, waɗanda suke fita da gashinsu a buɗe, su nuna wa duniya. Namu yana cikin hijabi, a wurin aiki babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashi. Don fatar kanmu muka yi, da 'ya'yanmu mata da suke kallonmu a cikin gida.

Hanya biyu ce. Wasu rana ɗaya suke sa almakashi su zubar da duk wanda ya sha rilaksa, su fara daga ƙasa kamar yaro. Matanmu ba kasafai suke bin wannan ba. Akwai maigida, akwai iyaye da za su gani a waya su tashi hankali kamar yadda kika tashi, ga shi kuma malamai sun bambanta rage gashi da aske shi ƙwal ga mace. Don haka doguwar hanya muke bi: a daina shafawa, a bar sabo yana tsirowa, ana datse bakin tsohon kaɗan-kaɗan.

A nan wahalar take, kuma a nan yawanci suke karaya. Gashi santimita ɗaya da ɗan wani abu yake ƙaruwa a wata, ba ya sauri don an matsu. Wata uku da dainawa za ki ga kanki ya kasu biyu: ƙasa mai kauri a nannaɗe, sama siriri a miƙe. Mahaɗar nan tasu ita ce wuri mafi rauni a duk silin, ja kaɗan ta tsinke. Mace ta sa ƙaramin mataji a busasshen kai ta fizga, ta ga gashi cike da hannu, sai ta ce barin rilaksa ne ya cinye mata kai, ta koma. Ni ma a wata na biyar sai da na sayo robar na ajiye a banɗaki, kwana uku ina kallonta. Wata baiwar Allah 'yar Funtuwa da ta riga ni shekara biyu ita ta zo ta zaunar da ni a ƙasa, ta nuna mini da hannunta.

Abu na farko da ta koya mini, mataji ba ya taɓa busasshen gashi. A raba kai gida huɗu a daure, a jiƙa, a sa abu mai santsi, a fara warwarewa da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki ana gangarowa zuwa tushe. Na biyu shi ne wanda ya fi ba ni mamaki, don ya saɓa wa abin da muka taso da shi. Mu a gida in kai ya bushe mai muke lafta masa. Ashe mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne yake jiƙa shi, mai rufe ƙofa kawai yake yi kada ruwan ya gudu. In kika shafa man kaɗe a busasshen gashi, kin kulle bushewar a ciki. Don haka ruwa tukuna, ko da fesawa ce da 'yar kwalba, sai man gashi mai ruwa-ruwa, sai man kaɗe ko na zaitun a ƙarshe, musamman a baki. Wanki sau ɗaya a mako ko kwana goma, sabulun a fatar kai, ba a cuɗa gashin kamar tsumma. Kuma kada tsawonsa ya ruɗe ki. Wanda kika gani a hoto, in na ja shi yana sauka ƙasan kunnena, in ya sha ruwa sai ya tsuke ya koma ƙasa da rabi. Wannan tsukewar alamar lafiyarsa ce. Wata 16 na yi kafin na yanke ragowar tsohon.

Kin san da me muke samun santsin nan? Karkashi, Yaya. Wanda Inna take kaɗa miya da shi. A jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi ya yi yauƙi, a tace, a zuba a kai, yatsu su wuce kamar ba su taɓa sanin cuɗewa ba. A shagunan gashi na unguwar Peckham a nan Landan za ki ga man kaɗe a cikin kwalba mai kyau da tsada, ga garin cebe na matan Cadi, ga baƙin zaren kitso. Zaren nan da muke gudu muna yara don kada a ce mana 'yan ƙauye, shi muke naɗawa yanzu mu kwana da shi, da safe a warware gashi ya miƙe ba tare da ya ga wutar diraya ba. Na sha zama ina tuna kan Inna ranar da take tsifa, yadda yake cika mata baya, ita da ba ta taɓa sanin ƙofar shagon gyaran gashi ba.

Kitso shi ne mafakarmu a watannin nan, don gashin da ke kitse ba a taɓa shi kullum. Sauran 'yan Afirka da ƙarin gashi da hular gashi suke rufe wannan lokaci. Mu yawancinmu muna kauce wa ƙarin saboda hadisin da ya la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa, ko da yake wasu malamai sun sassauta a kan zare da ulu. Da namu muke yi: shuku, zane, kalaba, mako biyu a tsefe. Makitsiya a nan sai an yi alƙawari tun mako guda, kuɗin kuma in na juya miki shi zuwa naira sai kin riƙe baki. Shi ya sa ranar Asabar, in an kai yara Islamiyya, muke taruwa gidan ɗaya daga cikinmu, wannan ta kitsa wa wannan, ana shan kunu ana hira. Matan da ba su iya kamun kitso ba a gida duk a nan suka koya.

Akwai abin da ya shafe mu mu masu salla wanda ba za ki ji shi a bakin masu koyar da gyaran gashi na intanet ba. Sau biyar a rana muna shafar kai da ruwa. Wadda ta miƙar da gashinta da ƙarfen wuta, alwala biyu ta mayar mata da shi gidan jiya, amma gashin asali da ke kitse wannan danshin abincinsa ne. Wankan janaba ma ba sai an tsefe ba, Ummu Salama ta yi wannan tambayar aka ce mata ta zuba ruwa sau uku a kai, muddin yana ratsawa. Abin kiyayewa shi ne ɗaura ɗankwali a jiƙaƙƙen kai a wuni da shi, nan ne wari da amosani suke samun gida. Hular auduga ta ƙarƙashin hijabi kuma tana shanye danshi tana goge gaban goshi, don haka mai santsi irin satin muke sawa, da ita muke kwana.

Ba zan ɓoye miki ba, yana cin lokaci. Ranar wanki awa biyu ko uku nake yi tsakanina da Hanifa. Akwai kuma matanmu da har yanzu suke ritocin ɗinsu, suna tazara tsakani, gashinsu yana nan da kyau, ba ma ganin laifinsu.

Kin tambaya game da Ummi, ko ta daina ita ma. In bikin bayan Babbar Salla ne, zai faɗo daidai watannin da kai ya fi gardama, ga hidima ga kitson amare da ake ja. Ki gaya mata yadda abin yake ta zaɓa da kanta, in ta ga dama ta fara bayan ta tare. Amma auta, don Allah Yaya, kada a fara mata. Shekararta 7, fatar kanta ba ta yi ƙwarin ɗaukar wannan ba, kuma duk wahalar da na ba ki labari ba za ta taɓa saninta ba in ba a fara ba. In an ce gashinta yana da tauri, a jiƙa shi kafin a taje. Ki kuma tsaya a kan makitsiya ta sassauta hannu a gaban goshi. Kitson da ya fito da ƙuraje a bakin gashi, ko ya hana yarinya barci sai an ba ta maganin ciwon kai, shi ne yake cinye gaba, kuma in an daɗe ana yi tushen yana mutuwa ba ya sake tsirowa. Ke ma tsakiyar kan nan da kika ce ya fara haske yana miki ƙaiƙayi, kada ki tsaya shafe-shafe, ki shiga Katsina ki ga likitan fata tun da wuri.

In mai zuwan nan ta ƙarshen wata ta tabbata, ki aiko mini da busasshen karkashi kamar mudu ɗaya, zalla, kada a haɗa shi da kanwa, da zaren kitso baƙi. Man shanun da Inna ta ce za ta sa, ki ba ta haƙuri, ba a barin shigowa da kayan madara ƙasar nan, a filin jirgi za a karɓe. Ki gaishe mini da ita sosai, ki nuna mata hoton Hanifa da shukunta, ki gaya mata ni na yi da hannuna.