Amsa ga ƙanenmu mai son shiga tsohon wurin ninƙaya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: kun gano wurin ninƙaya da aka rufe a ƙarƙashin wani tsohon gini na jami'arku a nan Legas, kuna so ku shiga da dare ku ɗauki bidiyo, kana tambaya ko akwai haɗari. Wasu sun ce maka aljanu, wasu sun ce ka shiga kawai. Ni aikin famfo da kula da wuraren ninƙaya nake yi, daga Agege nake fita zuwa Ikoyi da Lekki, kuma an sha kiranmu mu duba waɗanda aka yasar, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Ban ga laifin sha'awarka ba. Irin waɗannan wurare suna da kyan gani, musamman aikin shekarun 1960 da 1970, lokacin da ake zuba kankare ba tare da ƙyashi ba. Ko na babban filin wasa na Surulere, wanda aka yi wasannin Afirka na 1973 a cikinsa, ya yi shekaru a yashe kafin a waiwaye shi, kuma duk wanda ya gan shi a lokacin sai ransa ya sosu. Maganar aljanu kuwa, ka yi addu'arka kamar yadda aka koya mana. Amma abin da nake ji maka tsoro shi ne iska.

Kowane wurin ninƙaya yana da ɗakin inji, galibi a ƙasa, inda famfo da matatar ruwa suke. A nan ake ajiye kulorin da asid, sinadaran da ake gyara ruwan ninƙaya da su. Idan aka rufe wuri, ba kasafai ake kwashe su ba, sai durom ya yi tsatsa, ruwa ya shiga. Kulorin da asid in suka haɗu suna fitar da iska mai ƙona huhu, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasa take kwanciya, daidai inda za ka sauka. Ga kuma ruwan da ya daɗe a kwance da ganye da mushen ɓera, shi ma yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sharrinta shi ne in ta yi yawa hanci yakan daina jin warin, sai mutum ya zaci ta wuce. Ka san yadda ake yi da tsohuwar rijiya a gida: ɗaya ya shiga ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, a fito da gawa biyu. To haka ɗakin nan yake. Mu da kanmu ba ma sauka sai mun buɗe ƙofa mun sa fanka ta daɗe tana kora iska, kuma da mutum a sama riƙe da igiya. Takunkumin hanci na kyamis ba ya tare komai a nan. Kada ka sauka ɗakin inji, ko da ka ga ƙofar a buɗe.

Sai kwamin kansa. Ƙasansa gangare ne, daga wajen mita 1 zuwa mita 3 ko fiye in akwai wurin tsalle. Tayil in gansakuka ta kama shi, santsinsa ya wuce misali, kana taka gangaren sai dai ka ji ka a ƙasa. Ruwan da ya taru a can baƙi ne, ba ka ganin zurfinsa, ba ka ganin ƙarfe ko kwalbar da ke ciki. Tsanin fita kuma ko dai masu jari-bola sun cire shi, ko ya ruɓe a gindi. Na taɓa ganin yaron aikinmu, ƙato da shi, ya kasa fitowa daga ɓangare mai zurfi sai da muka miƙa masa tsani, kuma da rana tsaka ne, babu ko ruwa a ciki.

Legas tana da nata ƙarin. Ruwan ƙasa a kusa yake, musamman gefen lagun, wato babban tafkin nan na Legas da ya haɗu da teku. Kwamin da aka bari fanko, ruwan ƙasa yakan tura shi daga ƙasa har ya tsage, shi ya sa za ka ga ruwa a ciki ko da rani. Iskar gishiri kuma tana cin rodi a cikin kankare, ya kumbura ya fasa siminti. In ka ɗaga kai ka ga jan tsatsa na tsiyaya a jikin rufin kankaren, ko rodi a waje, kada ka tsaya a ƙarƙashi. Silin na wancan zamani da yawa asbesto ne, ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru, kada ku fasa, kada ku share. Macizai da sauro ba sai na faɗa ba. In kana da ciwo a ƙafa kada ruwan ya taɓa shi, fitsarin ɓera yana sa zazzaɓi mai taɓa ƙoda.

Maganar dare kuwa, ka cire ta a ranka. Masu gadi suka kama ku da tocila a ginin da aka kulle, ba za a ce 'yan bidiyo ba ne, ɓarayin wayar lantarki da ƙarfe za a ce, kuma kana iya rasa karatunka. Ka tuna mahaifanka da suka turo ka. Ka je sashen ayyuka na makarantar, ka rubuta takarda cewa kana son ɗaukar hoton tarihin ginin. Tsofaffin ma'aikatan wurin sau da yawa suna jin daɗin a tambaye su, wani ma shi ya yi aikin injin da hannunsa, zai ba ka labarin da ya fi bidiyon.

In sun yarda, ku je da hantsi, ba ranar da aka yi ruwa ba, ku uku, ɗaya ya tsaya a ƙofa da waya. Takalmi mai kauri, ku tsaya a bakin kwamin ku ɗauka daga sama. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767, ku ajiye ta. In wani ya ji jiri ko idonsa ya fara yaji, kowa ya fita nan take, a bar kayan a dawo daga baya. In an sa muku rana ka yi mini magana ta akwatin saƙo, in ba ni da aiki zan zo in raka ku, in sha Allahu.