Tambaya da Amsa: Tura fim a waya laifi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon cajin waya a Bauchi Road nan Jos, ina kuma tura wa mutane fina-finan Hausa da fassarar Indiya da waƙoƙi ta Xender ko a memori, suna ba ni ɗan abin da ya samu. To wani abokina ya ce wai Xender ɗin ma doka ta hana, za a iya kama ni. Dan Allah gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Xender dai ba shi da laifi, haka Bluetooth da Telegram, ka tura hoton bikin ƙanwarka ko bidiyon da ka ɗauka da hannunka ba wanda zai ce maka uffan. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan da kake turawa, na waye, kuma ya yarje maka?

Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya (NCC) mai hedikwata a Abuja ke kula da ita, kuma ta shafi har abin da ake yaɗawa ta intanet. Kwafar fim ko waƙa ka sayar ba izinin mai shi laifi ne, akwai tara akwai ɗauri. Fim yana da kariya shekara 50 daga fitowarsa, ka ga kenan kusan duk abin da ke kwamfutarka da mai shi, har na Indiyan.

Kuma kar ka ce ai a YouTube ka sauke kyauta. Mai fim ya sa ne a kalla a tasharsa ya samu kuɗin talla, in ka sauke ka tura wa mutum 50 a shago ka yanke masa masu kallo 50 kenan, wallahi abin nan na ci min rai, mutum ya ciwo bashi ya biya 'yan wasa da mai kyamara da mai editin, wani har filinsa yake sayarwa, ranar da fim ya fita kafin la'asar ya zagaye kasuwar Terminus ta Jos shi ko sisi bai gani ba.

Ban ce ka rufe shago ba, na san da shi kake cefane. Ka nemi furodusoshin, wasunsu nan Jos suke, ku yi yarjejeniya a rubuce: fim kaza, wata kaza, kuɗi kaza, ka adana takardar a shago. Abin da ke da lasisin Creative Commons kuwa, wato wanda mai shi ya ba jama'a izinin yaɗawa bisa wasu sharuɗɗa, kana iya rabawa, amma ka duba tukuna, in ka ga NC a jiki to ban da karɓar kuɗi.