Na daka wa mahaifiyata tsawa, ko zuciyata ce ta bushe?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan ina jinyar mahaifiyata da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta cikin dare. Shekaranjiya ta jiƙa shimfiɗar da na gama canzawa, na daka mata tsawa, ta yi shiru tana kallona. Barci ya ƙaurace mini, sai na sha diazepam da wata ta ba ni. An ce in gwada atisayen numfashi da tattara hankali. Zai yi amfani, ko zuciyata ce ta bushe?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Wadda zuciyarta ta bushe ba ta kwana biyu tana tuna kallon uwa. Gajiya ce ta yi miki yawa.

Tattara hankali yana taimakawa. Wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya mayar da shi tsarin mako takwas a 1979, a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, amma ke minti biyu ya ishe ki ki fara. Kafin tsawa ta fito, jiki yana ba da alama: haƙora su cije, ƙirji ya ɗauki zafi. Da kin ji haka, ajiye abin da ke hannunki, ki ji tafin ƙafarki a ƙasa. Ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, sau biyar. Ki ce a ranki, "Fushi ne ya zo." In Mama tana kwance lafiya, fita daga ɗakin ki dawo.

Amma numfashi ba ya biyan bashin barci. Nan ne nake son mu tsaya, domin kullum sai na ci karo da wannan magana: wai mai jinya ta gari ba ta gajiya, wai neman hutu rashin haƙuri ne. Wa ya ce? Mai faɗa miki "ki ƙara haƙuri" ta waya, sau nawa ya ɗaga Mama da ƙarfe uku na dare? An mayar da haƙuri bargon da dangi ke lulluɓe sakacinsu, su bar mutum ɗaya da kayan mutum biyar. Ita kuma ta yi ta jin kunyar cewa ta gaji, har bayanta ya riƙe, hawan jini ya kama ta, a wayi gari majinyata sun zama biyu. Binciken da Schulz da Beach suka wallafa a 1999 ya bi tsofaffi masu jinyar abokan zamansu na shekara huɗu. Waɗanda jinyar ke takura wa, haɗarin mutuwarsu ya fi na waɗanda ba sa jinyar kowa da kashi 63 cikin ɗari. Kuma wadda ba ta yi barci ba ita ke rikita magani, ita hannunta ke suɓucewa a wajen wanka.

Wadda ta ba ki diazepam kuwa ba ta kyauta miki ba. Jiki yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, kuma yana iya nauyaya ki har Mama ta kira ba ki ji ba. In kin daɗe kina sha kullum, kada ki yanke shi lokaci guda, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Likita ne zai rage miki a hankali. Kuma don Allah kada ki taɓa bai wa Mama don ta yi shiru.

Ki kira 'yan'uwanki. Kada ki ce "ku taimaka", za su ce to, su watse. Ki ce, "Yaya, daren Talata da na Juma'a naka ne." A daren ki kwana a wani ɗaki, ki samu awa bakwai. In kuma kin yi mako biyu cikin ƙunci, komai ya fita daga ranki, ko tunanin cutar da kanki ko Mama ya fara zuwa miki, ki je asibiti a ranar, ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini.