Me ya haɗa shanu da dukiya a kalmomin shari'ar Ingila?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon aikin lauya, ina aji biyu. A darasin dokar mallaka kullum sai mun ci karo da chattel da fee da mortgage. Na lura chattel ta yi kama da cattle, wato shanu. Dace ne kawai, ko akwai dangantaka? Sannan an ce mana asalin ma'anar mortgage "matacciyar jingina". Me ya kashe ta?

Amsa: 'Yata, kunnenki bai yaudare ki ba. Chattel da cattle uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu sun fito daga kalmar Latin capitale, wadda tushenta caput, wato kai. Bayan Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, daga baya kuma na kotu. Mutanen arewacin Faransa suna cewa catel, na yankin Paris suna cewa chatel, sai Ingila ta karɓi duka biyun. Da fari duk ma'anarsu ɗaya: abin da mutum ya mallaka wanda ake iya ɗauka ko a kora. Sannu a hankali catel ta tsaya a garke, chatel ta zauna a bakin lauyoyi. Ƙanwarsu ita ce capital, jari. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna da ra'asul mali, "kan dukiya", kuma a Fulatanci jawdi na nufin dukiya da dabbobi a lokaci guda.

Fee ma da warin garke a jikinta. A tsohon Turanci feoh na nufin shanu, da dukiya, da kuɗi. Ta shari'a ta biyo ta Faransanci ne daga feodum, wadda yawancin masana ke mayarwa ga wata kalmar Jamusawan da, 'yar'uwar feoh. A hannun mutanen Nomandin nan ta zama sunan ƙasar da babba ya ba na ƙasa da shi don ya yi masa hidima, galibi fita yaƙi a kan doki. Ƙasa duk ta sarki ce, kowa riƙo yake yi, shi ya sa aka ce tenant, daga tenir, riƙewa. Fee simple riƙo ne da kowane magaji zai iya gada. Fee tail kuwa an datse shi, daga tailler, yankewa, aka taƙaita gadon ga 'ya'ya da jikokin wanda aka ba, kamar yadda dokar 1285 ta tabbatar.

Akwai wata da ba ki tambaya ba amma tana taɓa ni, heriot. Asalinta heregeatu, kayan yaƙi: in jarumi ya mutu, a mayar wa ubangidansa doki da makamai. Da ta gangaro kan talaka sai ta zama haka: manomi ya rasu, iyalinsa na cikin makoki, wakilin mai ƙasa ya shigo turke ya duba, ya kwance dabbar da ta fi kowace lafiya ya ja ta. Sau da yawa san noman da gidan ya dogara da shi ke nan.

To, mortgage. Gage jingina ce, mort matacce. Littafin shari'ar da ake danganta wa babban alƙali Glanvill, na wajen 1188 zamanin Sarki Henri na Biyu, ya bambanta jingina iri biyu. Mutum ya ci bashi ya miƙa gonarsa. In amfanin da mai bin bashi ke girba yana rage bashin, wannan ita aka kira rayayyiyar jingina, domin gonar tana yi wa mai ita aiki. In kuwa yana cin amfanin shekara da shekaru bashin na nan daram, jinginar ta mutu. Ke da kanki kin san wannan a ƙauyukanmu: jinginar gona, inda mai kuɗi ke noma yana kai wa rumbunsa har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif. Malamanmu na suka, suna cewa rancen da ya jawo amfani riba ne. Ingilar wancan zamani ma haka ta ɗauke shi. Kotun sarki ba ta hana ba, amma littafin ya ce nau'in cin riba ne, kuma wanda ya mutu yana riƙe da irin wannan jingina za a yi da dukiyarsa yadda ake yi da ta mai cin riba, wato ta koma hannun sarki.

A ƙarni na 15 alƙali Littleton ya kawo wata fassarar: in ranar biya ta wuce ba a biya ba, ƙasar ta mutu ga mai ita har abada, in an biya, jinginar ta mutu ga mai bin bashi. Ita ce ta fi yawo a littattafanku. Ni dai ta Glanvill na fi amincewa da ita, domin ta girme ta da kusan shekara 300, kuma an rubuta ta ne lokacin da mutane ke yin irin wannan jinginar da hannunsu.