Ga 'yar'uwar da ke shirin tafiya aikatau Saudiyya

Wallahi ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce ejan ya samo miki bizar aikin gida a Saudiyya, ya ce ƙasar ta canza, mata na tuƙa mota suna aiki a ofis, kina neman shawara ko ki tafi. Irin wannan daɗin bakin aka yi mini a 2017, aurena ya mutu, ga yara biyu a gabana.

A kan canjin bai yi miki ƙarya ba. Ina Jidda a watan Yunin 2018 aka ɗage wa mata haramcin tuƙi, ba a daɗe ba na ga uwar ɗakina ta shigo gida da mota da kanta, 'ya'yanta na ta tafi. A manyan kantuna mata ne ke karɓar kuɗi. A 2019 aka naɗa Gimbiya Rima bint Bandar jakadiya a Amurka, a 2023 Rayyana Barnawi ta je sararin samaniya. Amma duk wannan na 'yan ƙasa ne. Ke da za ki shiga a matsayin shagala, wato 'yar aikin gida, daga kicin za ki riƙa jin labarinsa. Ko da suka sassauta tsarin kafili, wanda ke ɗaure ma'aikaci ga wanda ya kawo shi, a watan Maris na 2021, ma'aikaci ya iya sauya wurin aiki, ba a saka 'yan aikin gida a ciki ba.

Matar da na yi wa aiki mai ilimi ce, tana fita ƙarfe bakwai. Ni ce mai rainon yara huɗu, ni ce mai girki, ni ke wanke surukarta da ba ta iya tashi. Kusa da injin wanki nake shimfiɗa katifata. Ruwan bilic ya tsattsaga mini hannu, har idan na yi alwala sai na ciji leɓe. Da azumi kuwa ba na kwanciya sai an gama sahur. Riyal 800 ne albashina, wani lokaci sai an haɗa wata uku.

Duk wannan na jure. Abin da har yau bai bar zuciyata ba shi ne rasuwar Inna. A 2019 ne, shekarar da aka ba matan Saudiyya masu shekara 21 damar yin fasfo su yi tafiya ba tare da izinin waliyyi ba. An kira ni an ce jikin Inna ya yi tsanani, sunana kawai take kira. Na durƙusa gaban matar nan, na riƙe gefen abayarta ina kuka, na ce ta ba ni fasfona, ko sati biyu ne in je in dawo. Fasfon na cikin durowar gefen gadonta, ni ke goge durowar kullum. Ta ce ta kashe kuɗi kafin a kawo ni, wa zai riƙe mata yara? Bayan kwana tara Inna ta cika. A waya aka faɗa mini, ina tsaye ina yanka albasa. A daren suka yi baƙi, ni na kai gahawa da dabino. Ko "Allah ya jiƙanta" matar nan ba ta ce mini ba. A watan ta tafi Dubai ita kaɗai, ni na shirya mata akwati. Na bar ta da Allah. Shi kuma ejan tun da na sauka ya daina ɗaukar wayata.

A gidan maƙwabta akwai wata 'yar Filifin, ita ta buɗe mini ido. A lokacin gwamnatinsu ta yanke dala 400 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashi, ga ofishin ƙwadago da za ta kai ƙara. Indunusiya ma a 2015 hana tura 'yan aikin gida ƙasashen Larabawa ta yi saboda wulaƙanci. Mu wa ke tsaya mana?

In har kin ƙudura sai kin je, don Allah kada ki shiga da bizar Umara ki tsaya, ƙarshenta tarhil ne, wato a tsare ki a sansanin Shumaisi kafin a koro ki gida. Ki tabbata kwantiraginki ya bi ta Musaned, shafin gwamnatin Saudiyya na ɗaukar 'yan aikin gida, wani mai jin Larabci ya karanta miki shi. A takarda dokarsu ta yanzu ta ce awa 10 ne aiki a rana, da hutun kwana ɗaya a mako, kuma ba a riƙe wa mutum fasfo. Amma gida ne, ƙofa a rufe, babu mai leƙowa. Ki ɗauki hoton fasfo da igama, wato katin izinin zama, ki tura wa wanda kika yarda da shi, ki haddace lambar ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda. Kome wuya kada ki gudu kai tsaye, suna iya buga miki hurub, wato rahoton kin gudu daga aiki, ki shiga matsala da hukuma.

Sannan ki buɗe asusun banki da sunanki. Ni wani ɗan'uwana nake turo wa kuɗi ya saya mini fili, na dawo ban tarar da ko bulo ɗaya ba. Wannan ma wani ciwon ne.

Ki tambayi ejan ɗin mutum nawa ne a gidan, akwai tsohuwa marar lafiya, kuma za a bar miki wayarki? Ki dawo nan ki faɗa mana amsar da ya ba ki kafin ki biya shi ko sisi.