Yaya, ga amsar tambayarka kan hoton yarinyar nan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Na ga saƙonka game da hoton da na turo na 'yarka tsaye da 'yan ajinsu a gaban dutsen tunawa a jikin coci. Ka tambaye ni ko mu ma da muka daɗe a Amurka mun soma kai yara wajen gumakan Turawa. Tambayar ta yi daidai, kuma da ni ne a Kano na ga hoton, irinta zan yi. Bari in faɗa maka yadda abin yake a wajenmu, mu Hausawan unguwar Bronx ta birnin Niyok, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Gana.

Wurin da ka gani bangon cocin St. Paul ne da ke kan titin Broadway a Niyok, ta waje, inda mai wucewa ke iya hangowa. Dutsen marmara ne da rubutu, babu siffar mutum a jikinsa. An yi shi ne saboda wani janar, Richard Montgomery, haifaffen ƙasar Ayalan. Da farko ma sojan Ingila ne. Ya bar aikin, ya zo nan ya yi aure ya kama noma, sai yaƙin neman 'yancin kai ya tashi, ya shiga ɓangaren Amurka. An kashe shi a Quebec ta Kanada ranar 31 ga Disamba 1775, cikin ƙanƙara. Ba a cika wata guda ba majalisarsu ta ce a sassaƙa masa wannan dutse, kuma shi ne na farko da ta taɓa ba da umarnin a yi wa wani. Ka ga ke nan wanda suka fara karramawa baƙo ne. Gawarsa kuwa sai a 1818 aka ɗauko ta daga Kanada aka binne a nan, matarsa tana raye, ta yi zaman takaba a zuci fiye da shekara 40 ba ta sake aure ba.

Ni aikin tasi ne ya koya mini waɗannan mutane. Shekaru ina hawa gadar Pulaski tsakanin Brooklyn da Queens, ina bin titin DeKalb, ban san sunayen mutane ba ne. Wata rana wani dattijo ɗan Polan da na ɗauka ya ba ni labarin Pulaski, yana yi idonsa na cikowa. Casimir Pulaski ya yi yaƙi da Rasha a ƙasarsa, aka fi ƙarfinsu, ya yi gudun hijira. A Faris ya haɗu da Benjamin Franklin, wakilin Amurka a Faransa, ya iso Amurka a 1777, Turancinsa ma bai nuna ba, aka ba shi ragamar sojan doki. A watan Oktoba 1779 aka harbe shi a Savannah yana kan doki, ya mutu yana da shekara 34. De Kalb kuma Bajamushe ne, ya zo tare da Lafayette, wani Bafaranshe da shi ma ya yi wa Amurka yaƙi, ya mutu a yaƙin Camden a 1780.

To mu yaya muke yi da waɗannan wurare? Muna da iyaka, kuma ba mu ɓoye ta. Ba ma sunkuyar da kai ga dutse, ba ma ajiye furanni, ba ma kunna kyandir. In makaranta ta shirya fita, takardar izini ake turowa, uba ko uwa su sa hannu. Yawancinmu mukan sa, bayan mun zaunar da yaro mun ce masa karatu za ka je yi, ka karanta rubutun, ka ji tarihin, ka tsaya nan. Akwai waɗanda ba sa barin nasu su je inda akwai mutum-mutumi sam, kuma ba wanda ke ganin laifinsu. Limaminmu ma yakan tuna mana cewa girmama kaburbura da siffofi shi ne ƙofar da mutanen Annabi Nuhu suka bi suka ɓace. Wannan tsoron da kake ji, mu ma da shi muke kwana.

Amma akwai dalilin da ya sa ni na sa hannu. Yaran nan a nan aka haife su, duk da haka akwai ranar da wani zai dubi ɗankwalin yarinya ya ce ta koma ƙasarsu. Ina son ta san cewa ƙasar da ake korar ta daga ciki, baƙi sun zubar da jini kafin ta tsaya da ƙafarta. 'Yan Polan sun gane wannan tun tuni. Su ma an raina su lokacin da suke leburanci a masana'antu, sai suka riƙe sunan Pulaski gam. Tun 1937 suke jerin gwano a titin Fifth Avenue duk watan Oktoba, har a 2009 aka ba shi shaidar zama ɗan ƙasa ta girmamawa, shekara 230 bayan mutuwarsa. Mu ma haka muke yi a namu salon: ranar Sallah mu fito da manyan riguna, a rufe mana titi mu yi Idi, makarantun gwamnati na birnin nan kuma suna hutun Sallah yanzu.

Akwai abin da ke ci mini rai a ciki, kuma ba na ɓoye wa yaran. A yaƙin nan na Savannah da Pulaski ya faɗi, akwai baƙaƙen fata sama da 500 daga ƙasar da yanzu ake kira Haiti, sun zo tare da sojan Faransa sun yi yaƙi. Hasumiyar Pulaski tana tsaye a garin tun shekarun 1850, su kuwa sai a 2007 aka kafa nasu abin tunawa, shi ma da ƙoƙarin 'yan Haiti mazauna Amurka. Wanda ba shi da mai faɗar sunansa, an manta da shi.

Kuma Yaya, ka tuna lokacin da Baba ya kai mu Daura muna yara, muka leƙa rijiyar Kusugu? Bayajidda ai baƙo ne, daga Bagadaza aka ce ya fito, ya kashe macijin, har yau ana nuna wurin ana ba da labari, kuma ba wanda ya je can da niyyar bauta. Da wannan na yi wa 'yarka bayani, ta gane nan take. Ta ma rubuta labarin Bayajidda a aikin gida da aka ba su bayan fitar, malamarsu ta sa ta karanta wa 'yan aji.

In ka sami zuwa Daura, don Allah ka ɗauko mana hoton rijiyar, tana son ta kai makaranta. A gaida Hajiya da yara.