Na taba kamuwa da ciwon sanyi, yanzu an sa min rana: dole ne in fada mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a sakaya sunana. Shekara 6 da suka wuce shaidan ya rinjaye ni na kamu da ciwon sanyi, kunya ta hana ni zuwa asibiti sai na sayi kafso a kyamis na sha, mugunyar ta dauke zafin fitsarin ma ya tafi. Na tuba wallahi ban sake ba. Yanzu an sa min rana bayan babbar sallah amma bana iya bacci, ina tsoron ko abin yana nan a jikina, ko ya hana ni haihuwa, ko in sa wa yar mutane. Dole ne in fada mata?

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa, Allah ya karbi tubarka ya tabbatar da kai. Abu biyu ka cakuda su wuri daya shi ya sa ka kasa bacci, akwai zunubin akwai kuma cutar, kowanne hukuncinsa daban.

Zunubin dai ka rufe shi, kar ka fada mata kar ka fada wa waliyyinta. Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) yace duk al'ummata ana yafe musu banda masu bayyanawa, wato wanda Allah ya rufa masa asiri da dare ya wayi gari yana tona kansa. Ka karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar ka ji yadda Allah ya hana mu yanke kauna.

Amma cutar ba tuba ke fitar da ita ba, a nan zan dan matsa maka. Daukewar mugunya ba shi ne warkewa ba, balle maganin kyamis da mutum zai sha kwana biyu ya ajiye da ya ji sauki, kwayar ciwon sanyi kuma yanzu ta saba da magunguna da yawa bata jin su. In ta zauna ba a kashe ta da kyau ba tana iya tsuke hanyar fitsari ka ga mutum yana yunkuri fitsarin na fita siriri, tana iya taba hanyar maniyyi, ita kuwa mace abin ya fi muni don sau da yawa bata jin komai har sai ya toshe mata hanyar da kwai ke bi zuwa mahaifa, a zo ana shekara biyar ba ciki dangin miji suna ta yada mata magana alhali ba laifinta bane. Wannan yana ci min rai sosai. Sannan inda aka dauko sanyi ana iya dauko tunjere ko kanjamau ko ciwon hanta nau'in B, su kuma suna kwanciya shiru shekaru, tunjere har jariri yake kamawa a ciki.

Don haka zuwa asibiti kafin daurin aure wajibi ne a kanka, saboda hadisin la darara wa la dirar, ba cuta ba cutarwa. Ka fada wa likita gaskiya, wannan ba tona asiri bane neman magani ne. A duba fitsari da jini, in kana so har maniyyi. A Kano ma tun 2024 doka ta tilasta gwajin kanjamau da ciwon hanta da jinotayif kafin aure, sai dai kar ka tsaya a nan, ka ce a duba maka sanyi da tunjere.

In sakamako ya fito lafiya, shikenan ba abin da zaka fada mata, sauran wasiwasi ne. In an ga sanyi ko tunjere suna warkewa, ka gama maganin likita ya tabbatar sannan a daura, ko da za a daga ranar. In kuwa mai zama ce kamar kanjamau, boyewa haramun ne, ha'inci ne, ka fada mata cutar ba sai ka fadi yadda ka same ta ba, zabi nata ne. Malamanmu na Malikiyya sun ba da zabin raba aure saboda kuturta da makamantanta, dalilin hukuncin shi ne cutarwa. Haka in likita yace ba zaka haihu ba, an ruwaito Sayyadina Umar ya umarci wani ya sanar da matarsa ya bar mata zabi.

Ka je cikin satin nan, kar ka bari sai an kai lefe. Wallahu a'alam.